Kalangun Shata a Kwamfutar Yaron Zuru



Ran nan na shiga wani shagon cajin waya da tura waƙoƙi a bakin kasuwar Zuru, ina jiran wayata ta ɗan sha wuta. A ƙuryar shagon akwai wani saurayi da bai wuce shekara 22 ba, ya duƙufa a kan kwamfuta, abin sauraro rataye a wuyansa. Can sai ya saki kiɗa. Da farko wani dukan ƙasa ne mai nauyi, irin wanda ke sa kwalaben kanta rawa, sai ga kalangu ya faɗo a kansa. Kunnena bai yi mini gardama ba, kalangun mutanen Shata ne. Yaron ya yanko abin da bai fi daƙiƙa 5 ba daga wata tsohuwar waƙa, ya sa yana ta maimaita kansa, shi kuma ya hau kai da nasa baitocin, rabi Hausa rabi Turanci, jefi-jefi ya tsoma Dakarci.

A kan benci kuwa akwai wani dattijo, tsohon soja. A Zuru dai ba a rasa tsohon soja a kan benci. Ya karkata kai ya saurara har abin ya kewayo sau uku, sannan ya ce, "Yaro, tsayar da abin nan. Ka san abin da kalangun nan ke faɗi?"

Yaron ya ce, "Baba, ai kiɗa ne kawai."

Dattijon ya ce, "Kiɗa ne a wurinka. Sunan mutum yake kira, mutumin kirki, ya daɗe da rasuwa. Kai kuma ka ɗora masa zagin abokin faɗanka."

Shagon ya yi tsit. Yaron ya sosa ƙeya. Ni kuwa na fito da abin da zan yi sharhi a kansa yau, wato wannan yayi na ɗauko kiɗan magabata a cakuɗa shi da gambarar zamani, wadda Turawa ke kira hip-hop.

Bari in faɗi matsayina tun da wuri, kada wani ya zaci na zo yi wa yara faɗa ne. Ban ga laifin haɗin ba. Masu cewa haɗin gambiza ne, ko raini ne ga manya, ina ganin sun manta daga inda muka fito. Amma dattijon nan ya fi su gaskiya, ya kuma fi yaron gaskiya, domin ya taɓo wurin da kiɗanmu ya sha bamban da na waɗanda muke kwaikwayo.

Can a Amurka abin ya samo asali. A ranar 11 ga Agusta 1973, a wata unguwar talakawa da ake kira Bronx a birnin New York, wani matashi ɗan asalin Jamaika, DJ Kool Herc, ya haɗa wani ɗan biki. Ya lura cewa masu rawa sun fi zabura a daidai gurbin da mawaƙi ya yi shiru aka bar ganguna kaɗai. Sai ya samo faifai biyu iri ɗaya, in gurbin ya ƙare a wannan ya sako shi a wancan, har daƙiƙoƙi kaɗan suka zama mintuna. Ka ga ke nan gambarar zamani tun ran gini tun ran zane, da aron kiɗan wasu aka haife ta. Yaran ba su da kuɗin sayen kayan kiɗa, sai suka mayar da faifan iyayensu kayan kiɗa.

Da tafiya ta yi tafiya, hannunsu ya kai ga kiɗan fadar Turawa, irin wanda ake yi da goguna da bushe-bushe mutum 70 ko 80 a zauren da ba a tari. A 1996 Xzibit ya ɗora waƙarsa Paparazzi a kan wani kiɗa na Gabriel Fauré, mutumin Faransa. A 1997 Coolio ya ɗauko na Pachelbel, Bajamushen da ya rasu tun 1706. A 2002 Nas ya ɗauki wani ɗan kiɗan fiyano na Beethoven mai suna Für Elise, ya yi wa yara nasiha a kansa cikin waƙarsa I Can. Da yawanku kun san kiɗan nan ba ku san sunansa ba, don ya sha fitowa a ƙararrawar tsofaffin wayoyi. A 2014 kuma Nas ɗin ya tsaya a babban zauren Kennedy da ke Washington, ƙungiyar makaɗan ƙasa ta Amurka na bayansa, ya rera kundinsa Illmatic. Waɗanda a da ake wa kallon 'yan tasha, ga su ana kaɗa musu goge da kwat.

To, me ya sa abin ya zo musu da sauƙi? Beethoven ya rasu a 1827. Babu magajin da zai kai ka kotu a kan abin da ya tsara, sai dai in ka yanko daga faifan wata ƙungiyar da ta kaɗa shi kwanan nan, nan kam sai ka biya masu faifan. Sannan fiyanon nan ba ya kiran sunan kowa. Daɗi ne zalla. Ka ɗora masa nasiha ya karɓa, ka ɗora masa soyayya ya karɓa.

Namu ba haka yake ba, kuma a nan nake so mu ɗan zauna.

Hausa harshe ne mai hawa da sauka. Kuka na ido daban, kuka ta miya daban, wuyan da ake rataya carbi daban, wuyar rayuwa daban, kuma muryar ce kaɗai ke raba su. Kalangu wannan hawa da saukar yake bi. Makaɗi ya saƙale shi a hammata, in ya matse tsarkiya fatar ta ɗaure murya ta hau, in ya saki ta sauka. Da haka yake furta magana. Shi ya sa ɗan dambe ke zabura tun daga nesa in an kaɗa takensa, ba tare da kowa ya buɗe baki ba. Kowane kayan kiɗa kuma da gidansu. Kalangu asalinsa na mahauta ne kafin ya yaɗu, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma, kotso da taushi da jauje na fada, tambari kuwa na sarki ne, ba a buga wa kowa shi don yana da kuɗi. Ibrahim Narambaɗa da kotsonsa a fadar Sarkin Gobir na Isa, Salihu Jankiɗi da taushinsa a fadar Sarkin Musulmi, Musa Ɗankwairo na Maradun, Ɗan Anace da Shagonsa, nan jiharmu ta Kebbi kuma Sani Aliyu Ɗandawo na Yawuri, kowannensu in ya ɗaga murya akwai wanda yake nufi, kuma jama'a sun san ko wane ne.

Saboda haka yaron da ya yanko daƙiƙa 5 daga cikin irin wannan kiɗa, jimla ya yanko. In ya datsa ta gunduwa-gunduwa ya sauya mata jeri don ta dace da dukansa, ya hargitsa maganar mutane. Shi bai ji komai ba, don bai iya harshen kalangu ba. Tsoho kuwa ji yake kamar an ɗauki wasiƙar ubansa an yayyaga an liƙa a jikin bango.

Akwai kuma matsalar tafiya. Na koma shagon washegari, na ce wa yaron ya nuna mini yadda yake yi. Fuskar kwamfutar a tsage take gida-gida kamar daran dara, kowane bugu da gidansa, huɗu-huɗu, ba ƙari ba ragi. Shi kuwa kiɗan da ya ɗauko ba ya zama a gida. Makaɗan Shata numfashinsa suke bi. In waƙa ta yi zafi su ƙara wuta, in ya tsaya zai yi wa wani zambo su lafa, 'yan amshi su jira shi. Da yawan kiɗanmu ma tafiyar uku-uku yake yi, kamar sukuwar doki. Sai na ga yaron yana jan kiɗan da linzamin kwamfuta, yana miƙe nan yana tsuke can, har ya tilasta masa shiga gidajen. Ya shiga kam, amma ya fito kamar ɗan ƙauyen da aka cusa wa takalmin aro. Sannan dukan nan mai nauyi ya danne ƙaramar muryar kalangun, wadda ita ce gishirin. Na ce masa, "Me zai hana ka bar kalangun ya ja gaba, naka dukan ya bi shi?" Ya ce zai fi wuya. Na ce ai shi ya sa ake kiran wasu gwanaye.

Yanzu ga masu cewa a bar kayan magabata yadda aka same su, kada a taɓa. Malam, magabatan da kansu ba su bar na gabansu haka ba. Narambaɗa na da Bakandamiya, Shata ma na da tasa. Manazarta adabinmu sun daɗe da nuna cewa Aliyu Namangi na Zariya ya ɗauko karin Imfiraji ne daga kiɗan caji, kiɗan dandali, ya mayar da shi wa'azin da makafi da almajirai suka yi ta rerawa ƙofa-ƙofa. Masu bandiri a Kano sun ɗauki muryoyin waƙoƙin Indiya suka yi begen Annabi da su. Kai, kalmar gambara ɗin ma da muke kiran hip-hop da ita, aro ce daga 'yan gambaran kasuwa, masu zuba magana mai ƙafiya da sauri suna ba mutane dariya tun kafin a haifi kakan Nas.

Amma misalin da ya fi burge ni shi ne tahamisi. Malamanmu sun san shi sarai. Mawaƙi zai ɗauki baitin wani mai ɗango biyu, ya gina nasa ɗango uku a kansa, su zama biyar, ma'ana ta haɗu kamar mutum ɗaya ya yi. Ishiriniyar da ake karantawa a zaurukanmu haka take: asalinta na Alfazazi ne, tahamisin na Ibn Mahib. Tabban Haƙiƙa, Shehu Usmanu ya yi ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi. Wannan fa shi ne haɗin da yaranmu ke yi da kwamfuta, sai dai su malamai da alƙalami suka yi. Dubi ladabin da ke ciki. Mai tahamisi ba ya karya baitin mai asali. Sai ya fahimci abin da ake faɗi kafin ya ƙara nasa. Kuma har gobe in an ambaci waƙar, da sunan mai asali ake farawa. Da samarinmu za su riƙi wannan, da ni da tsohon sojan nan ba mu da ta cewa.

Sai batun kuɗi, wanda ba a son faɗi. A Amurka ma ɗibar karan mahaukaciyar ba ta daɗe ba. A 1991 wata kotu a New York ta kama Biz Markie da laifin yanko waƙar Gilbert O'Sullivan ba da izini ba, aka janye kundin daga kasuwa, daga ranar kamfanoni suka shiga taitayinsu. Wata shari'ar ta fi kama da tamu. Jay-Z da Timbaland sun ɗauko busar wata tsohuwar waƙar Masar ta shekarun 1950, wadda Baligh Hamdi ya tsara, Abdel Halim Hafez ya rera, suka yi Big Pimpin' da ita. Wani ɗan'uwan Baligh Hamdi ya kai ƙara a 2007, kuma cikin kukansa har da cewa an ɗora kalaman batsa a kan kiɗan gidansu. A 2015 kotu ta kori ƙarar, ta ce ba shi da hurumi, don an riga an sayar da haƙƙin. Ya sha kaye a kotu, amma ƙorafinsa shi ne dai na dattijon benci.

Mu ma muna da doka. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris 2023, ta kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Yi lissafi da kanka. Ɗankwairo ya rasu a 1991, ke nan sai 2061. Shata ya rasu a 1999, sai 2069. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa ya rasu a 2015, sai 2085. Waɗannan ba Beethoven ba ne. Iyalansu na nan da rai, wasu ma suna riƙe da kiɗan gidan. Muddin waƙarka na yawo a wayoyin abokai, babu mai kula ka. Ranar da ta yi tashe a YouTube ko TikTok kuɗi suka fara shigowa, ranar za ka san kiɗan na da masu shi. Neman izini tun farko ya fi araha, kuma a ƙasar nan sau da yawa sallama da ɗan goro da ambaton suna na buɗe ƙofar da lauya ba zai buɗe ba.

Na san masu gambarar Arewa sun yi nisa. ClassiQ da B.O.C Madaki daga Bauchi, DJ AB daga Kaduna, can Yamai kuma irin su Kaidan Gaskiya sun daɗe suna yi da Hausa da Zabarmanci. Sun nuna cewa harshen gida na iya ɗaukar wannan kaya. Abin da nake tambaya shi ne, yaron Zuru me zai kawo wanda su ba su da shi?

Ai Shata na kowa ne. Yaron Kano zai yanko shi, na Maraɗi zai yanko shi, kuma wataƙila sun fi ka na'ura. Amma babu ɗayansu da ya tashi da kiɗan bikin Uhola a kunnensa. Babu wanda kakansa ya yi golmo, ya shekara 7 yana noma a gonar surukai tare da tsaransa, suna waƙa suna gasar kunya har rana ta faɗi. Waƙoƙin kokawa, waƙoƙin mata a bakin turmi da dutsen niƙa, bushe-bushen da ake yi in amfanin gona ya shigo gida, waɗannan su ne kiɗan fadarmu. Ba na Lelna, masu Dakarci, kaɗai nake nufi ba. Masarautar Zuru ta haɗa Dabai da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu, kuma Fakkawa da Dukkawa da Kambari da Bangawa kowa da irin muryarsa. C'lela, wato Dakarci, shi ma harshe ne mai hawa da sauka, don haka duk abin da na faɗa a kan kalangu ya hau kan gangunanmu.

Sai dai akwai tsoro biyu. Na farko, abin da ba a ɗauka ba, ba a yanko shi. Shata ya ci sa'a, gidan rediyon Kaduna da kamfanonin faifai sun adana muryarsa. Tsohuwar da ke waƙar niƙa a wani ƙauye bayan Ribah, wa ya ɗauke ta? Injin niƙa ya riga ya kashe rabin waƙar, samari sun rage yin golmo, ga matsalar tsaro ta tarwatsa ƙauyuka da dama a yankin Danko da Wasagu. In ƙauye ya watse, ana iya sake gina ɗaki, amma 'yan amshin da suka rarrabu tsakanin Zuru da Kwantagora da wuya su sake tsayawa layi ɗaya.

Na biyu, kiɗan da ba a rubuta sunan mai shi ba, shi aka fi yi wa fashi. Solomon Linda, wani Bazulu a Afirka ta Kudu, ya ɗauki waƙarsa Mbube a 1939. Aka kai ta Amurka ana yi mata kallon waƙar gargajiya marar uba, ta tara wa wasu dukiya har ta shiga fim ɗin Disney. Shi ya rasu a 1962 cikin talauci, sai a 2006 iyalinsa suka samu sulhu. Dokarmu ta yi tanadin wannan. Ta ce kayan al'adar al'umma ba a kasuwanci da su sai da izinin hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa, kuma dole a ambaci al'umma ko wurin da aka samo su. Kuma ku sani, ba kowane kiɗa ake fitarwa ba. Akwai na dandali, akwai na makoki, akwai wanda dattawa suka keɓe wa wurarensu da lokutansu. Ni ba zan so in ji kiɗan da ake raka gawar dattijo da shi a ƙarƙashin waƙar 'yan mata a gidan biki ba, ko da kuwa ya yi daɗi. Wanda zai gaya maka wanne ne wanne, yana zaune a ƙofar gidanku.

Ga masarauta da gidan tarihinmu na Zuru da masu shirya Uhola, roƙona ƙarami ne. A riƙa ɗaukar kiɗan bikin da na'ura mai kyau, ba bidiyon waya daga bayan taro ba, kowace ƙungiya daban, a rubuta sunan ƙauye da na makaɗa, a ajiye inda yaro mai son aiki zai zo ya nema ta hanyar da ta dace. Kuɗin bai kai na rumfunan manyan baƙi ba.

Yaron shagon nan, don kada in bar ku da rabin labari, ya cire zagin. Dattijon ya zaunar da shi ya gaya masa ko wane ne ake wa taken, da abin da ya yi har aka yi masa waƙa, ya kuma ce akwai akwatin kaset a gidansa, in yana so ya zo da kwamfutarsa, amma ba a fita da ko ɗaya.

Ku kuma samari masu sitidiyo a Zuru da Dabai da Mahuta da Dirin Daji, kafin Uhola mai zuwa, kowa ya ɗauki wayarsa ya tafi wurin tsoho ko tsohuwar gidansu. Ka nemi izini, ka ɗauki waƙar tun daga farko har ƙarshe, ka tambayi ma'anarta da lokacin da ake yin ta, ka rubuta sunan mai ita da ƙauyensu da ranar. Bayan nan sai ka yanka. In ka gama haɗin, su za ka fara kunna wa kafin ka tura wa kowa.